Ƙahon da Aka Kafa wa Yaya Rabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata Rabi, amma har yau in na hangi wanzami da zabirarsa sai in sake hanya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ina ajin ƙarshe a kwaleji lokacin, na je hutu gida Dogarawa. Rabi ta haihu na uku, ta gama wankan jego, amma jiki ya ƙi dawowa. Kullum ciwon kai da jiri. In ta ɗauko ruwa sai ta zauna a hanya ta dafe ƙirji, ta ce zuciyarta na lugude. Innarmu ta dube ta ta ce, "Jini na ya yi miki yawa, ɗiyata. Mataccen jinin biƙi bai gama hita ba."

Aka kira wanzamin gidanmu, dattijon kirki, shi ya yi mana askin suna duka. Ya tsattsaga mata ƙeya da gadon baya, ya kafa ƙaho. Da ya juye abin da ya fito, ya nuna mana: tsararo, kamar ruwan wankin nama. Ya ce, "Kun gani ko? Ɓatacce na, ko ja babu. Sai na komo." Rabi ta yi dariya ta ce, "Baba, ka dai rage mini na miya." Duk muka yi dariya. Ya kuwa komo.

Ran da ta faɗi a bakin turmi, a amalanke aka kai ta bakin titi, daga nan mota zuwa likitar Birnin Konni. Ma'aikaciyar ta ja fatar idonta ƙasa, fari fat kamar auduga. Ta ga tsagar da ke ƙeyarta, ta dube mu. Mijin Rabi ya miƙa hannu a ɗebi jininsa. Kafin a ɗaura mata ledar jinin, rai ya yi halinsa.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma rashin sani ya fi dare duhu. Ba yawa jinin ya yi mata ba, ƙarewa yake yi, mu kuma muna ta kwarfe ɗan abin da ya rage.

Yau ga ni a Konni gidan miji, da cikin fari wata bakwai, kuma jirin nan ya same ni, da luguden nan. Da na je awo aka soki yatsana, aka sa ɗigon a wata 'yar na'ura. Malamar awo ta ce hemogulobin ɗina ya yi ƙasa ƙwarai, wato abin da ke sa jini ja, mai kai iska ko'ina a jiki. Ta ce masassarar sauro na cinye shi, haka tsutsar ciki, da haihuwa kusa da kusa, da cin tuwo tsura ba mahaɗi. Ta ba ni jajayen ƙwayoyi da gidan sauro, ta ce in riƙe wake da zogale da hanta in ta samu, in daina bin abinci da shayi. In bai hau ba, sai ƙarin jini.

Da Rabi na nan me za ta ce? Ina jin za ta juya 'yar na'urar nan ta ce, "Wannan abin kamar salula shi ya hi Baba wanzam gani?" Ɗigo guda ya isa a san gaskiya, ita kuwa ƙaho nawa aka zubar mata a bayan ɗaki aka rufe da toka?

Ga abin da ke hana ni sakewa. Wata mai kamawa za a mai da ni Dogarawa goyon ciki, kamar kowace mai cikin fari. Inna ta share ɗaki, ta tara itace. Kuma har gobe cewa take, "Da an yi wa Rabi ƙahon nan da wuri, da ta tashi." Da ta ji a waya ina haki, sai ta ce, "Ki taho dai, za mu yi maganin abin tun bai yi nisa ba." Ta yaya zan gaya mata ba tare da na ce ita ta kashe ɗiyarta ba? Don ƙauna ta yi. Don ƙauna za ta sake.

In na auna abin da Rabi ta bari, yara uku ne, da barkwancinta da ƙaramar ta gado, da wannan sani da ta saya mana da ranta. Sanin nan kuwa ba zai cece ni ba muddin a cikina kaɗai ya tsaya.

Kawu, ƙanen Inna, na san ba ka wuce wannan shafin da nake rubutu a ciki ba ka karanta ba. Don Allah ka je ka zauna da yayarka kafin in iso. Kada ka ambaci Rabi. Ka ce mata likita ya hana a taɓa jinina ko ɗigo. Kai namiji ne, za ta ji taka.

Mu biyu kaɗai ta haifa.