Sufeto Hammajo, wanda ya ce hayaƙi bai san mai laifi ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina goge takalmi a ƙofar ɗakina a bariki ranar Talata da safe, sai Saje Yakubu ya zo ya tsaya a kaina, hularsa a hannu. Ya ce, "Kofur, Oga Hammajo ya rasu." Ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi ne ya zama ajalinsa.

A ƙarƙashinsa na fara aiki, lokacin da Jalingo ta zama hedikwatar jiha. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ko ƙaramin ɗan sanda zai aika, sai ya fara da "useni", wato "don Allah" da Fulatanci, kamar mai neman alfarma.

Wata rana rikici ya tashi a wajen Mayo Gwoi, aka ba mu umarnin harba barkonon tsohuwa. Iska ta juya, hayaƙin ya faɗa gidajen mutane. Wata mata ta fito a guje da jaririyarta, numfashin yarinyar yana sarƙewa. Sufeto ya yar da kulkinsa, ya karɓi jaririyar, ya sa su a motarmu zuwa asibiti. Yarinyar ba ta kai ba. Shi kaɗai cikinmu ya je gaisuwa gidan, ba kaki, ya zauna a ƙarshen tabarma, babu wanda ya amsa masa.

Bayan haka aka zauna taro a kan ko za a taƙaita amfani da barkonon. Saje Yakubu, wanda jifa ya bar wa tabo a goshi, ya miƙe da zafi.

"Yallaɓai, in an ƙwace mana wannan, me ya rage? Bindiga fa. Mu ma muna da 'ya'ya."

Sufeto ya ce, "Gaskiyarka, Saje. Ban ce a ƙwace ba. Na ce a fara da baki, a bar wa mutane hanyar gudu, kuma kada a harba shi a lungun da ake goyo. Hayaƙi bai san mai laifi ba."

Ba a karɓi shawararsa ba. Wasu suka ce tsoro ne, aka mayar da shi aikin tebur, ƙarin girma ya yi ta wuce shi. Bai taɓa kawo ƙorafi ba. Yakan ce mana, "Waɗanda kuka kora yau, su za su sayar muku da doya gobe."

Har yanzu ba a gama wannan muhawara ba, ga shi mun kai shi makwancinsa a ranar Talatar, bayan azahar.

Allah Ya jiƙan Sufeto Hammajo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Dada Asma'u da yaran da ya bari a Abbare haƙurin rashi, Ya raya su cikin rufin asiri. Mu da muke riƙe da kulki a bayansa, Allah Ya tsare hannayenmu daga alhakin bayinSa. Amin.