Abin da Hancina Bai Ji Ba

Edita, ni ba mai ilimi ba ne, a aji huɗu na firamare na tsaya, sai a yi haƙuri da rubutuna. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ni ne heluma a sashen guga na wata masaƙa a Kakuri, ma'aikata goma sha biyu a ƙarƙashina. Abin taƙamata a lokacin shi ne hancina. Kowace safiya nakan tsaya bakin ƙofar sashe, mai shiga ya hura mini numfashi a fuska. In na ji tsamin burkutu ko warin ogogoro, to ranar ba ka taɓa mini inji. Amma gaskiya ba kowa nake shinshinawa ba. 'Yan Filato da 'yan Binuwai nake tarewa. Wanda na saba gani a sahun salla wucewarsa yake yi.

Kai, wannan lokaci! Duk wanda ya ci zaɓe so yake a buga fuskarsa a atamfa, matan jam'iyya su yi anko ranar rantsuwa. Aiki ya zubo mana kamar ruwan sama. Injuna na ruri, motoci na layi a get, rediyo na kiɗa, kowa na cewa ƙasa ta dawo hannunmu. Aka kafa allo ana rubuta yawan bandir ɗin da kowane sashe ya fitar, ni kuwa na rantse sashena ba zai sauka daga sama ba. Wanda ya ɗora mu can wani ɗan garinmu ne, ni na kawo shi Kaduna, ni na samo masa aikin. Shi ke ciyar da babban injin guga, inda yadi ke bi tsakanin manyan rola biyu masu zafi. Da can sanyin jiki gare shi, amma a makonnin nan sai ya zama aljani. Ba ya zama, ba ya hamma. Muka sa masa suna Janareto. Yana da wani shuɗin filas da ba ya rabuwa da shi, ya ce shayi ne da citta da kanumfari. Ni kuma ina nuna shi ina ce wa sauran su dubi yadda ake aiki.

Mai sayar mana da abinci a bakin get wata dattijuwa ce 'yar Binuwai, kowa Mama yake ce mata. Wata rana ta yafito ni da ludayi, ta ce Heluma mai hanci, in zo. Ta ce ɗan'uwana Janareto mako biyu ke nan bai sayi ko cokali ɗaya ba, mutumin da a da yake tashi da kwano biyu har ya roƙi ƙanzo. Yanzu sai ruwa, sai tauna baki kamar akuya alhali babu komai a ciki. Na yi dariya na ce kukan ciniki take yi, kwastoma ya gudu. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce ƙanenta direban tirela ne, da haka ya fara, kuma ita ta binne shi. Na ce wannan fa mai salla ne, bai san hanyar mashaya ba. Ta ce ita ba ta ce ba ya salla ba, cewa ta yi in bar hancin nan ya huta in duba da ido. To, ni ma na gani. Na ga gumi ko yana tsaye a gaban fanka, na ga leɓe ya tsattsage, ido jajir, faɗa a kan abin da bai kai ba, dariya babu dalili. Da safe yakan shigo kamar gawa, sai ya buɗe filas ya dawo mutum. Duk na gani, amma allon nan nake kallo.

Ana saura kwana biyu rantsuwa motar ɗaukar kaya ta iso tun da safe. Dokar injin guga mutum biyu ce: ɗaya na ciyar da yadi, ɗaya na tsaye jikin jan maɓallin da ke kashe injin. Mai tsayawa a maɓallin wani ɗan Filato ne, kuma ranar na ji burkutu a bakinsa, ashe biki suka yi a Kakau. Na kore shi gida. Yana tafiya ya juyo ya ce Oga ya yi daidai, bai musa ba, amma don Allah kar in bar Janareto shi kaɗai, kuma wata rana in shinshina filas ɗin nan ma. Na ce ya wuce, mashayi ba zai koya mini aiki ba. Ɗan garinmu ya bugi ƙirji ya ce aikin mutum uku ma zai yi. Na bar shi.

Wajen azahar gajiya ta kama ni, na ce wa Janareto ya sam mini shayin. Ya zuba mini rabin murfi kawai. Ƙarƙashin sukarin akwai wani ɗaci da ba na citta ba. Ba a jima ba zuciyata ta kama duka kamar ganga. Gajiya ta tafi! Na ɗaga bandir ni kaɗai, ina gudu, ina ihu, ina yi wa yarana kirari, ji nake zan iya tura motar nan har Abuja da hannu. A nan na gane abin da ke cikin filas. Ga laifina, ba zan ɓoye ba: na gane sarai, amma na ce a raina bari mota ta tashi tukuna, gobe na yi masa faɗa.

Ina can ƙarshen sashe ina loda kaya na hango yadi ya naɗe a bakin rola. Doka ta ce a kashe inji a warware. Shi kuwa sai na ga yana dariya, ya miƙa hannu injin na gudu. Na ƙwala ihu, ƙarar injuna ta haɗiye muryata. Na yar da bandir na ruga, na tsallake kwanduna, na faɗa kan jan maɓallin da ƙirjina. Injin ya tsaya, amma ya riga ya ci yatsu uku na hannun damansa. Ya ɗaga hannun yana kallo, yana ci gaba da dariya, domin zafin bai kai gare shi ba tukuna. Har yau ina jin dariyar nan.

A asibiti likita ya buɗe filas, ya ce ƙwayoyi ne aka niƙa a ciki. Manaja ya tambaye ni ko na sani, na ce na sani. Aka sauke ni daga heluma, ban yi gardama ba. Mama ce ta riƙa kai wa Janareto abinci har aka sallame shi, ɗan Filaton nan kuma ya yi ta zaryar duba shi.

Na rubuto ne saboda masu mutane a ƙarƙashinsu, a masana'anta ko gareji ko tasha. Ba kowane maye ke da wari ba, kuma ba ya tambayar addinin mutum. In ma'aikacinka ya daina ci, ya daina gajiya, halinsa ya juya rana ɗaya, kar ka yi masa kirari. Ka kashe injin nan take, ka zaunar da shi, ka kai shi ga likita, kaya su jira. Ɗan garinmu ya daina sha, yana sayar da kayan miya a Tudun Wada. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Amma duk ranar da na bi ta gaban teburinsa muka gaisa, hagu yake miƙo mini.