Babban Yatsan Magini

Shekarar da hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, wana ya zo Tawa daga Kalfu da mata da 'ya'ya huɗu, ya kama ɗaki a bayan kasuwa. Magini ne, siminti ya sani tun yana saurayi. Ni kuwa ina koyarwa a lakkal, don haka duk wata takarda ta gidanmu a kaina take ƙarewa.

Sai aka ji wani kamfani na neman magina su yi aikin shekara ɗaya a Libiya, da biza da komai, mota za ta tashi ƙarshen wata. Yaya ya kawo mini takardun a naɗe cikin hularsa.

"Malama, ga aikinki ya samu. Ki cika min su da kyawo, kar ki sa ni tsoho."

Na zauna na fara cika su. Lokacin sojoji ne, kuskure ɗaya a takarda sai a ce ka koma gida, kuma ba ka da bakin tambaya. Na rubuta da fensir, na goge, na sake, kafin na yarda na ɗauki biro. Takardar haihuwa, ta likita, hoto, shaidar tsohon maigidansa, duk muka haɗa. Saura fasfo, shi kuma sai an dangwala yatsa a komisariya, ofishin 'yan sanda.

Ɗan sandan ya kama babban yatsan Yaya, ya danna a tawada, ya danna a takarda. Baƙi kawai ya fito, sumul, ba zane ko ɗaya. Ya gwada na hagu, haka nan. Siminti ya cinye su duka.

"Wanga ba hannu ba ne, dutsi ne," in ji shi. "Ka tahi ka bar aiki kwana goma sha biyu, zanen shi dawo. In bai dawo ba, babu ruwana."

Kwana goma sha biyu, mota kuma saura kwana goma sha huɗu. Kowace safiya kafin in wuce lakkal sai na biya da man kaɗe, in shafa masa, in ɗaga yatsan a rana ina leƙe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na kafa masa doka: ba bulo, ba guga, ko icce kada ya faskara. Yana dariya yana ce mini Kwamanda. A rana ta tara na ga zanen ya fara tasowa, siriri, har na yi guɗa matarsa ta leƙo.

Ranar komawa na same shi zaune, hannunsa cikin riga. Na ce ya miƙo, ya ƙi. Na fizgo. Yatsan fari fat, a tsage, ga siminti a ƙarƙashin farce.

Ina da baki, kuma ranar ban rage komai ba. Na ce ai ya kashe kansa, ya kashe ni, ya zubar da aikin shekara saboda kuɗin ginin yini ɗaya. Ya bar ni sai da na gaji.

"Malama," ya ce a hankali, "kwana ukku ba a ɗora tukunya ba gidan ga. Mi kike so in yi?"

Mun je komisariya duk da haka. Baƙin nan ya sake fitowa, ɗan sandan ya turo mana takardun bai ko ɗago kai ba. Motar ta tashi ran Alhamis da waɗanda yatsunsu suka fito.

Na daɗe da daina jin haushin ɗan sandan. Kunyar kaina ce ba ta sake ni ba. Kullum ina shiga gidan nan, in zauna daf da murhu ina duban yatsa, ban taɓa lura tokar ta yi sanyi ba.