Gwangwanin Kawu Sale a Bakin Karofi

Tulin jar ƙasa na fara gani da muka sauka daga keke ranar Asabar, an juye shi dab da bakin tsohon karofi. Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna Sale, Allah ya jiƙansa, kuma a duk hanyar nan babu wurin da ya fi so kamar wannan.

Kawu gyaran waya yake yi a kasuwar Wunti. A waya ya ga wani wasa da ake yi a wasu ƙasashe: a ɓoye abu, a sa alamar wurin a taswirar waya, wasu su je nema. Sai ya kai wasan wata hanyar ƙauye da ke bayan Yelwa, inda akan daɗe ba a ji ƙarar babur ba. Ya ɓoye gwangwanayen madara a kogon tsamiyar da fatake suke yada zango, da gefen wata rijiya da ta ƙafe, da karofin nan inda marina suka yi rini tun kafin a haifi kakarmu. Mu yaran unguwar Gwallaga muka sa wa wasan suna farautar gwangwani.

Dokarsa biyu ce. In ka ɗauki abu, ka bar wani. Kuma ba a buɗe gwangwani sai wanda ya gano shi ya faɗi labarin wurin da ƙarfi. Ni nake riga kowa ganowa, don ina lura da dutsen da aka juya ko ciyawar da ta kwanta, amma sai in miƙa wa yayana Bashir ya yi maganar. Kawu yakan ce, "Hauwa'u, ido kamar na shaho, baki kuma a ɗinke. Yaushe za mu ji ki?" Har ya rasu bai ji ba.

Da zai dawo yau, na san dariya zai yi. Ɗaliban jami'a sun karɓi wasan, gwangwanaye sun ƙaru. Amma ban san me zai ce da tulin ƙasar nan ba. An sayar da gonar da karofin yake ciki, sabon mai ita zai cike ramukan rinin ya ja katanga.

Mun sami sabon mai gonar, wani Alhaji, tsaye da direban tifa. Bashir yana makaranta a nesa, ni ce babba cikin yaran da na kawo.

"Ku kuma lafiya?" in ji Alhajin. "Zinariya aka binne mini?"

Na ɗaga wani fasasshen kasko na ciro gwangwanin. Yara suka hau ihu, "Labari! Labari!" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi yadda marina suke haɗa baba da toka, da yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska har ya yi baƙi. Na kankare bakin rami ɗaya da tsinke, shuni ya bayyana.

Alhaji ya tsuguna ya shafa, ya daɗe yana kallon yatsansa. "Wallahi ramukan shara na ɗauka." Ya juya wajen direba. "Kwashe ƙasar nan, kai ta can baya."

Ya leƙa gwangwanin ya ɗauki wani maɓalli. Ƙanwata Ummi ta ce, "Baba Alhaji, sai ka bar wani abu, doka ce!" Ya yi dariya ya jefa 'yar kwalbar turarensa.

Kawu bai bar gida ko shago ba, haya yake yi. Abin da ya bari shi ne yaran da suke bin hanya suna tambayar wa ya rayu a nan. Ya kuma bar mini bakin da ya daɗe yana jira, ko da yake bai ji shi ba.

Kafin mu hau keke na koma wurin Alhaji. Na ce, "Baba, don Allah in za a ja katangar, a bar wa yara ƙofa ta wajen karofi."