Na je Tsanyawa ɗauko 'yata, na kasa kiran sunanta

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Bacirawa, ni da yayana. A jakata akwai takardar alƙali, da sabon takalmin yarinya da na saya bisa kintace, don rabona da ganin ƙafarta shekara biyu ke nan.

Waɗanda ba su san labarin ba, ga shi a taƙaice. Mun rabu da uban 'yata tana shekara uku. Tana hannuna har na sake aure, sai riƙo ya faɗi daga kaina. Mahaifiyata ta rasu, ba ni da 'yar'uwa mace, don haka aka miƙa ta ga kakarta ta wajen uba, a wani ƙauye bayan Tsanyawa. Na sha zaryar kotu kafin alƙali ya yanke cewa duk dogon hutun makaranta za ta zo wurina ta yi mako biyu. Wannan ne hutun farko.

Kuɗin mota ya tashi, amma kujerar ba ta ƙara faɗi ba. Mu huɗu aka cusa a mazaunin mutum uku, ga buhun takin zamani a ƙarƙashin ƙafafunmu. Damina ta yi kyau bana. Tun daga Bici gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, ba ka ganin ko taku ɗaya da ba a nome ba. A tasha yayana ya sayi ƙosai mai zafi da dafaffiyar gyaɗa, ya cinye nasa ya taya ni da nawa.

Daga Tsanyawa babur muka hau. Ruwan jiya ya cinye hanyar, sau biyu muna sauka muna takawa, zanina a hannu. Mai babur ɗin sai ba mu haƙuri yake yi, kamar shi ya yi ruwan.

An karɓe mu, ba zan yi musu ƙarya ba. An shimfiɗa tabarma, an dama fura. Yayana ya karanta takarda, tsohuwar, wato kakar yarinyar, ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. Sannan ta nuna gindin darbejiya, inda yara mata uku ke wasan 'yar carafke.

"Ai ba mu ja da hukuma. Ga su can, kira taki ku tafi."

A nan ta kama ni, kuma ta san ta kama ni. Yarinyar nan 'yar fari ce. Yadda aka tashe ni, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Ko a kotu cewa nake "yarinyar". Wannan kunyar ita tsohuwar ta riƙa yabona da ita a gidan biki lokacin ina gidan ɗanta.

Na gane ta tun daga nesa, goshin babana ne da ita. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ke, zo."

Duka ukun suka waiwayo. Babu wadda ta taso.

Yayana ya kira sunan, sai ta zo tana jan ƙafa, ta tsaya a bayan kakarta tana leƙena. Ta ce, "Ke ce wadda aka ce ko sunana ba ki sani ba?"

Wallahi na so in faɗa. Ya zo har bakina. Amma ga tsohuwar, ga matan gida sun yi cirko-cirko a bakin ɗaki, harshena ya ƙi. Na miƙa hannu, yarinyar ta ƙanƙame zanin kakarta ta fashe da kuka. Yayana ya fusata, ya ce a je wurin mai gari, takarda takarda ce. Na ce a'a. Ba zan ja ta a ƙasa tana ihu in ɗora a babur ba, ta riƙe wannan a matsayin ranar da uwarta ta zo. Na ajiye takalmin a kan tabarma. Ko ba a gwada ba, na ga ya yi mata kaɗan.

A hanyar dawowa ban ga gero ba, ban ga komai ba. Ina jin haushin tsohuwar, ina jin haushin uban da ya tsiri tafiya kasuwar Ɗambatta a ranar, amma haushin kaina ya fi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, alƙali zai iya ba ki mako biyu, ba zai iya gaya wa yarinya 'yar shida cewa shirun uwarta so ne ba. Kunyar da aka yi don gidan da uwa da 'ya ke kwana ɗaki ɗaya, ni na ɗauke ta na kai inda aka mayar da ita shaida a kaina.

La'asar sakaliya muka shigo Bacirawa. Maigidana na zaune a ƙofar gida, ya sayo 'yar katifa an jingine a soro. Ya leƙa bayana, ya ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Safiya sunanta."