Kwandon Sama da Kwandon Ƙasa a Hanyar Simsim

Abin da ya fitar da ni daga Gadarif ga shi: gonar riɗi da na saya a tsaye a Simsim, leburori talatin da suka zo yankanta, da alkawarin nama da na yi musu. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna aka bar shi, kwansonsa ya fashe, tsuntsaye ne za su gode maka. Shugaban leburorin, Gambo, ya aiko mini cewa miyar busasshen kifi ta ishe su, in Juma'a ta yi babu nama, gonakin Fashaga za su koma.

Gadarif

Ranar Laraba da la'asar wani sa ya karye a kasuwa, aka yanka shi, na sayi rabinsa da araha. Na kai wa yayata Hauwa. Ta yanyanka naman sirara, ta daka tafarnuwa da kanumfari da citta da gishiri, tana murza wa kowane yanki kamar mai shafa wa jariri mai. Har aka kira sallar asuba kwando ɗaya ta gama.

Na ce, "Yaya, lori zai tashi."

Ta ce, "Ya tashi mana. Wannan rabin ai ba a daka masa ba."

Na ce tafarnuwa dai tafarnuwa ce. Na zuba sauran naman manya-manya a kwando na biyu, na cusa masa kawunan tafarnuwa dunƙule, fiye ma da wadda ta daka. Ta ce, "Kai Sale, Allah ya kiyaye hanya," da wata irin murya.

A tasha fasinjoji suka yi wa kwandon Yaya bore. Direbanmu Usta Babikir ya toshe hanci ya ce, "Ya Hajj, wannan ko aljani ba zai zauna kusa da shi ba." Aka ɗaure shi can saman kaya, cikin rana da iska. Nawa kwandon da ba ya wari aka karrama shi, aka sa shi ƙarƙashin tampol kusa da buhunan gari. Muka tashi gari bai gama wayewa ba.

Shingen bincike

Wajen ƙarfe tara muka isa shinge. Ɗan sanda ya hau sama da ƙarfinsa, ya ɗaga murfin kwandon Yaya, ya sauko yana hawaye. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ku wuce!" Usta Babikir ya ce bai taɓa barin wurin nan da sauri haka ba, ya nemi in riƙa binsa kowane mako.

Rumfar shayi

Da hantsi muka tsaya cin wake da burodi. Abokin zamana hakim ne, wato ma'aikacin jinya, Malam Idris, yana komawa ɗakin shan magani na Simsim. Na ba shi labarin kwandunan don ya goyi bayana. Ya ajiye kofinsa.

Ya ce a cikin ɗan tafarnuwa akwai abubuwa biyu da Allah ya raba wa ɗaki. Sai an daka sun haɗu sannan sinadarin nan mai yaji yake fitowa, ana kiransa alisin, shi ke kashe ƙwayoyin cuta masu ruɓar da nama. Kanumfari kuma mansa ne ke aikin, shi ya sa ake sa shi a haƙori mai ciwo. Ya ce lokacin karatunsa sun ɗiga ruwan tafarnuwa a farantin da ƙwayoyin ke yaɗuwa, suka bar masa fili zagaye.

Na ce, "Dunƙulalliya fa?"

Ya ce, "Fasinja ce kamar mu. Ita ma dakakkiyar jinkirta ruɓa take yi, gishiri da iska su ne manyan ma'aikata."

Na ce in Allah ya yarda kafin azahar mun isa.

Kwarin laka

Ba mu isa ba. An yi ruwan ƙarshen damina a gaba, baƙar lakar nan ta kama ƙafafun lori har gindi. Muka tura, muka haƙa, takalmina ɗaya ya tafi bai dawo ba. Rana ta yi ta dukan tampol. Bayan la'asar wani sabon wari ya taso, fasinjoji suka ɗaga kai suna tsine wa kwandon sama. Ni kuwa na ga inda ƙudaje suke sauka. Malam Idris ya ɗaga tampol, ya duba, ya ce, "Hajj, in ka ba mutane wannan, ni za ka tara wa aiki." Muka kai kwandona nesa, ungulu suka karɓa. Nan muka kwana a kan buhuna, sai da safe wata tarakta ta ja mu.

Simsim

Juma'a da hantsi muka shiga sansani, na tarar wasu har sun ɗaure kayansu. Naman Yaya ya bushe garau, ba abin da ya same shi. Gambo ya leƙa kwandon, ya dubi mutanensa, ya dube ni.

"Maigida, wannan nama ne ko labarin nama?"

Na ce, "Dafa ka gani." Aka cika tukunya da albasa da kuɓewa, kowa ya sami yanka biyu. Mutum shida suka ci, suka sha romo, suka yi godiya, suka kama hanyar Fashaga. Sauran suka ɗauki lauje.

Komawa gida

Bayan an gama yanka na dawo Gadarif lafiya, alhamdulillahi, Allah ya saka wa Usta Babikir da Malam Idris da mai taraktar nan da ban ji sunansa ba. Riba: riɗina ya shiga sito, in ban da kusurwar gabas da ta fashe kafin a kai gare ta. Asara: wannan kusurwa, kwandon nama, takalmi ɗaya, sai kuma mutuncina a unguwa. Labarin kwanduna ya riga ya zagaya gari. Da na zauna wajen mai shayin ƙofar kasuwa, sai ya tambaye ni a gaban jama'a ko a daka mini sukarin ne, ko a jefa shi dunƙule.