Hoton Zuciyar da Yaya Hamisu Bai Gani Ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Hamisu, kuma har yau ina kewarsa, har da rigimarsa. A ramin haƙar yuraniyom na Akokan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya bincika dalili, balle likita ya ce masa tarinsa mura ce kawai.

Da numfashi ya gagare shi, aka kwantar da shi rub da ciki a asibiti. Kawunmu ya tayar da hankali, wai ba kwanciyar Musulmi ba ce, a juya shi dama. Likitar da ke kula da shi ta ce a haka huhunsa ke buɗewa, in an juya shi zai iya rasuwa. Shi ya sa ko da ta kawo na'urar eko mai ɗaukar hoto don duba zuciyarsa, ba ta juya shi ba. Ta ɗaga hannunsa na hagu, ta zura kan na'urar ƙarƙashin ƙirjinsa, fuskarsa na cikin matashi.

Yaya bai yarda ba. Ya riƙo rigata, ya ce da ƙyar, "Sun kifa ni don kar in gani. Kai ka duba mini."

Na duba allon na'urar. Wani abu ne toka-toka yana buɗewa yana rufewa. Likitar ta ce ɓangaren dama na zuciyar ya kumbura saboda wahalar tura jini cikin huhu. Na tambaye ta ko ramin ne ya jawo. Ta ce hoton ba ya nuna wannan. Ya rasu bai samu amsa ba.

Yanzu na ji cewa a ko'ina haka ake duba irin waɗannan marasa lafiya, ba wayo aka yi masa ba. Da yana raye zai ce to, an ji, amma an rufe ramin, wa ya zo ya duba ƙirjin waɗanda suka fito? Wannan zargin shi na gada, kuma ban iya ajiye shi ba.

Makon jiya ɗansa Lawali ya samu aiki a wani ramin. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, kai ka ga hoton. In je ko kar in je?"

Ubansa ya ba ni amanar idonsa, ni kuwa har yau ban san abin da na gani ba.